Gidanki Ba Sito Ba Ne, Yaya

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa za a tattara mu. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, ina tsaye a layin kantin magani da takardar likitanki a hannu, wayata ta yi ƙara. Maƙwabciyarki ce, nas ɗin nan da ke biyowa ta yi miki allura kafin ta wuce aiki. Ta ce, "Anti, ki bar maganin nan ki taho. Mama ta cika." Na fita daga layi, na ninke takardar na sa a jaka, na tari mota.

Shekara sittin da bakwai kika yi a duniya, Yaya. Ni da ke ba dangi ba ne. Shekara goma sha tara na yi a ƙarƙashinki a ofishin rajista, tun makon farko na fara kiranki Yaya, ba ki hana ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun ranar da aka kai ki makwancinki nake ganin hotonki yana yawo a wayoyin mutane, an zagaye shi da furanni, an rubuta "uwar zumunci" a ƙasa. Na san masu yaɗa hoton nan ɗaya bayan ɗaya. Na san abin da kowa ya jibge miki a gida, na kuma san ranar ƙarshe da ya taka ƙofarki. Kina raye kin hana ni magana. Yau zan yi, ki yafe mini.

Bari in fara da inda na san ki. Ranar da aka turo ni rajista, na tarar da teburina cike da takardu har ba a ganin katakon. Na tsaya ina kallo kamar zan yi kuka. Kika zo kika zaro takarda ɗaya kika miƙo mini, kika ce, "Ta wa ce? Ina za ta? Yaushe za a sake nemanta? In kin samu amsa, ki kai ta wurinta. In ba ki samu ba, ki kawo mini. Amma kada in sake in gan ta a aljihun tebur." Kafin azahar na ga katakon teburina. Kantocinki kuwa, kowane fayil da lakabinsa, da wannan rubutun naki mai tsaye kamar na injin bugawa. Ma'aikaci zai faɗi sunansa, kafin ya gama gyara zama kin ajiye fayil ɗinsa a gabansa. Duk ƙarshen mako ki sa mu zazzage aljihunan tebur, abin da ya mutu a zubar, abin da ke da mai shi a kai masa. Mun yi ta gunaguni a bayan idonki, kina ji, ba ki taɓa fasawa ba.

Ba zan manta da Baba Direba ba. An tashi sallamarsa bayan shekara ashirin yana jan motar ma'aikata, wai babu shaidar an taɓa ɗaukarsa aiki. Fayil ɗinsa ya ɓace tun lokacin da aka sauya gini, kafin ma ki zo. Ba aikinki ba ne, ba wanda ya sa ki. Kika ɗaure hancinki da ɗankwali, kika shiga tsohon sito, kwana uku kina juya takardun da ɓera ya ci gefensu. Rana ta uku kika fito fari fat da ƙura, da takardar ɗaukarsa aiki a hannu, an cusa ta cikin fayil ɗin sayen tayoyi. Dattijon nan ya durƙusa a bakin ƙofa. Kika ce masa, "Baba, tashi, kana tare mana hanya."

Sai ga Darakta. Shi ne ya zo da gangamin tsabtace ofis, ya manna takardu a bango, ya tsaya gaban kantocinki aka ɗauke shi hoto, aka ba shi takardar yabo daga sama. Ranar da kika yi ritaya ya yi jawabin rabin awa, ya ambaci kansa sau da yawa, ya ambace ki sau biyu. Wata biyu bayan tafiyarki rajista ta zama wurin jefa karyayyun kujeru da matattun firintoci. Makon jiya takardar ta'aziyyarsa ta iso da hatimi da sa hannu, an rubuta sunanki ba daidai ba, an kuma ce a sashen sufuri kika yi aiki. Na tambayi yarinyar da ta buga, ta ce sun nemi fayil ɗinki ba su gani ba. Ban yi mamaki ba. Mutumin da bai san inda makullin ofishinsa yake ba sai masinja ya nuna masa, me za a tsammata daga gare shi?

Amma ba don shi na zauna rubutu ba. Maganar gidanki ce.

Wanda ya san ki a ofis ba zai yarda da abin da gidanki ya zama ba. Ɗaki uku da falo mijinki ya bar miki, Allah Ya jiƙansa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Allah bai ba ku haihuwa ba. A idon danginki, mace ɗaya a ɗaki uku ɓarnar wuri ce, sai suka tashi gyara ɓarnar. Ƙaninki Injiniya ne ya buɗe hanya da wani tsohon firiji. "Sati biyu kawai, Yaya, kafin mai gyara ya zo." Mai gyara bai zo ba, sai gawar janareta ta biyo baya, sai tayoyi huɗu, sai ragowar tayil da bokitan fenti daga ginin sabon gidansa, sai kujerun da matarsa, Madam, ta gaji da launinsu. 'Yar yayanki kuma, wadda duk shekara take buɗe sabuwar sana'a ta rufe, ta mayar da ɗakin baƙi kabarin jarinta: kwalayen takalma, robobin da suka ƙi sayuwa, labulaye, har da wasu gumakan rataye tufafi marasa kai da ke tsorata ni duk lokacin da na leƙa. Daga baya aka jawo wata ƙatuwar wadirob aka tokare tagar ɗakinki da ita, domin babu sauran bango.

Na sha yi miki magana. Ki ce, "Ƙanina ne, ya zan ce masa a'a?" In ce, "Yaya, ke da ba ki yarda takarda ɗaya ta kwana a inda ba nata ba?" Ki yi dariya ki ce takarda ba ta fushi. A nan kam kin yi laifi, kuma na faɗa miki a gaban idonki. Kunya ta sa kika koma kina bin bango a gidanki, kina tafiya a karkace tsakanin kwali da kwali, ga zauren Injiniya can fes kamar ɗakin tiyata.

Bara, farkon damina, kika fito daga banɗaki ƙafarki ta harɗe da tulin tayil ɗin nan. Kika faɗi, ƙugu ya karye. Tun safe kike kwance a lungu tsakanin firiji da bango, har sai da nas ta dawo daga aiki ta ji muryarki ta taga. Sati biyar kika yi a asibiti. A can ne likitoci suka gano wani ciwon dabam, wanda ba ya warkewa, suka kuma ce daga yanzu sai keken marasa lafiya da gado mai ɗagawa. Ranar da muka dawo da ke gida, keken ya ƙi wuce ƙofar falo. Ni da nas muka ɗauke ki a hannu, muna tsallake kayan mutane, kina cije leɓe don kada mu ji zafin da kike ji. Muka kwantar da ke a ɗaki mai duhu da rana tsaka. Kika daɗe kina kallon bayan wadirob ɗin nan, sannan kika ce, "Miƙo mini wayata."

Ina zaune kika kira su, kin buɗe murya ina ji. Kika roƙi Injiniya ya zo ya kwashe kayansa, kika yi masa bayanin keke. Ya ce, "Haba Yaya, ai gidanki gidanmu ne. In na kwaso su ina zan zuba? Kin san Madam ba ta son tarkace." Wallahi da kunnena na ji. 'Yar yayanki ta ce, "Gwaggo, ki ƙara haƙuri, kasuwa ta kusa buɗewa, kayan nan duk za su tafi." Takalman da suka yi shekara bakwai a kwali. Kika ba su wata ɗaya. Wata ya cika, babu wanda ya zo da ko baro. Injiniya dai ya aiko da kwandon lemo ta hannun direbansa, mai yiwuwa yana ganin ya biya hakkin 'yan uwantaka.

Washegarin cikar watan na zo na same ki kin sa nas ta zaunar da ke a kan kujera a bakin ƙofar falo, da littafin rubutu a cinya, da alƙalamin maka, da takarda mai manne. Na ga fuskar da na sani a rajista ta dawo. Kika ce, "Kashi uku za mu yi. Nawa da nake amfani da shi, nawa da zan bayar, da na mutane. Na mutane kowa a manna masa sunansa." Kwana shida muka yi, ni da nas da wasu leburori biyu. Kina zaune kina nuni da sanda, ba abin da ya fita ba ki rubuta ba. Mun ɗaga katifa muka tarar ɓera ya haihu a ciki. Mun buɗe firiji, sai da kowa ya fita waje shan iska. Takalman nan, kana ɗauka tafin ya rage a kwali.

Rana ta biyar muka kai bangon ƙarshe na ɗakin baƙi. Ashe ruwa ya daɗe yana tsatsafowa ta nan, kwalaye sun rufe ba wanda ya gani. A ƙasan komai muka sami akwatin mijinki, wanda kika yi shekaru kina cigiyarsa har kika fara zargin kanki da mantuwa. Su suka danne shi da kayansu. Na buɗe a gabanki. Rigunansa sun ruɓe, littattafansa sun zama dunƙule ɗaya, kundin hotunanku kuma ya manne, in an ɗaga shafi fuskoki su biyo shi. Hoto uku kawai suka tsira, a cikin ukun ma ɗaya ne ake gane shi sosai. Kika riƙe su, leburori suka tsaya. Na ce zan kai kundin wurin mai hoto ko zai iya wani abu. Kika girgiza kai kika ce, "Babu abin da ya rage a ciki. Sa a shara. Ku ci gaba, rana na yi." Ba ki yi kuka ba. Ni na shiga kicin na yi.

Har yau ban ji wani daga cikin masu sa hotonki a waya ya tambayi abin da ya sami hotunanki ba.

Baba Direba ne ya kawo mota. Tun da ya yi ritaya yake jan wata tsohuwar a-kori-kura, da ya ji labari bai jira a kira shi sau biyu ba. Kika ba shi littafin kika ce, "Kowa a sauke masa a ƙofar gidansa, a yi sallama, a gaishe shi." Na shiga gaban motar. Gidan Injiniya muka fara zuwa. Maigadi ya buɗe ƙofa, muka fara saukewa a kan shimfiɗaɗɗen tsakar gidan nan da ake wankewa kullum. Madam ta fito da waya a kunne, ta ga firiji da tayoyi, ta ce, "Wa ya ce ku kawo mana bola?" Na ce, "Taku ce, Madam. Ga sunan maigida a jiki." Ta ce ba ta san da su ba. Baba Direba ya nuna mata kujerun, cikin ladabi ya ce, "Ranki ya daɗe, waɗannan kam na ga irin labulenku ne." Ta juya ta shige. A wurin 'yar yayanki kuwa, ta tsaya a kan baranda tana cewa a bi a hankali kada a fasa mata kaya, mu kuwa muna sauke kwalayen da gindinsu ya riga ya zube.

Da muka gama na ce wa Baba ya ajiye ni a bakin titi. Ya ce akwai saura gida ɗaya a littafi. Ya yi ta tuƙi har na ga mun shiga layinmu. Ya buɗe baya ya sauko da kan keken ɗinkin tufafina da kwalin littattafan yarana, da sunana a manne da rubutunki. Shekara shida da suka wuce na kawo miki su lokacin da muke sauya gida, na manta da su sarai. Ina cikin kwasar kayan mutane ina zaginsu a zuci, kin sa nas ta ɓoye nawa don kada in gani. Na tsaya a ƙofar gidana, kunya kamar ƙasa ta tsage. Da na dawo wurinki ban iya haɗa ido da ke ba. Kika yi dariya har kika riƙe ƙugu, kika ce, "Ke ma da naki, 'yar gari. Amma ke kin zo kin yi zufa, na yafe." Don haka duk abin da na faɗa a kan wasu, na san ni ma akwai rabona a ciki. Bambancin kawai, ni na ji kunya.

Su fushi suka yi. Injiniya ya kira ki da yamma ya ce kin tozarta shi a gaban maigadinsa da maƙwabta, ya ce bai taɓa zaton 'yar uwarsa za ta yi masa haka ba. Kika saurare shi har ya gama, kika ce, "Allah Ya huci zuciyarka. Ka gaida yara." 'Yar yayanki ta hau waya tana rubuce-rubuce a kan dangin da ba su san zumunci ba. Daga ranar har ranar da kika rasu, wata bakwai, ƙafar ɗayansu ba ta taka gidanki ba. Muddin kayansu na wurinki, suna leƙowa lokaci-lokaci su duba ko suna nan, su gaishe ki a tsaye. Da kaya suka tafi, gaisuwar ma ta bi su. A nan na gane matsayinki a wurinsu, kuma na san ke ma kin gane, ko da yake ba ki taɓa furtawa ba. Sau ɗaya kawai, wata ranar Asabar da kika ji mota ta tsaya a waje, kika ce in leƙa. Na leƙa na ce mai kawo ruwa ne. Kika ce, "To."

Duk da haka, Yaya, wata bakwai ɗin nan ban taɓa ganinki cikin sakewa irin tasu ba. Aka janye wadirob, aka buɗe tagar da ta yi shekara takwas a toshe, muka sa gadon a gefenta. Ɗakin babu komai sai gado, da tebur ɗaya, da farantin magunguna an jera na safe da na rana da na yamma, da Alƙur'aninki, da rediyo, da hoton nan ɗaya a jingine. Ranar farko kika tura kekenki da kanki daga ɗaki zuwa falo, zuwa kicin, kika dawo, kika sake zagayawa. Kika ce, "Ashe gidan nan da faɗi." Da jiki ya fara nauyi, kika ci gaba da rage naki. Zannuwanki kika raba wa masu sharar ɗakin da kika kwanta a asibiti, kowacce da sunanta. Tukwane da kwanuka suka tafi wurin nas, wadda ke shirin aurar da ƙanwarta. Takardun gida da na asibiti kika haɗa a fayil ɗaya, kika rubuta abin da ke ciki a bango, kika ba ni ajiya.

Ranar rasuwarki kuwa suka cika gida. Kukan Madam har bakin titi. Injiniya ya zauna a kujerar gaba yana karɓar gaisuwa, yana faɗa wa mutane yadda kika riƙe shi kamar uwa. Gaskiya ya faɗa, kin riƙe shi. Abin da ya rage bai faɗa ba shi ne yadda shi ya riƙe ki. Ba a yi kwana biyu ba 'yar yayanki ta ja ni gefe, idonta a bushe, ta ce, "Anti, na buɗe wadirob ɗin Gwaggo na ga kaya kala huɗu kawai. Wa ya kwashe sauran?" Tana kallona sama da ƙasa. Na ɗauko littafinki na buɗe mata, ga kowane zane da wadda aka ba, da rana, da sa hannunki. Ta karanta ta rufe ta ce, "Masu shara?" Na ce, "Su ne suka riƙa juya ta a gado." Na miƙa wa Injiniya fayil ɗin a gaban mutane, na fita daga maganarsu. Gida ya koma hannun magada, su cika shi da abin da suka ga dama.

Jiya ni da nas muka naɗe gadon asibitin muka mayar wa masu shi. Muka share ɗakin. Ba mu yi minti goma ba, domin ba ki bar wa kowa aiki ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga nas, wadda ta yi miki abin da 'ya take yi wa uwa ba tare da an haɗa jini ba, da Baba Direba, da tsofaffin abokan aikinmu na rajista. Ina kuma yi wa Injiniya da iyalinsa da 'yar yayanki ta'aziyya, domin jininki ne, kuma na san da kina nan za ki ce in yi. Allah Ya ba su haƙuri, Ya kuma ba su abin da ya fi haƙuri amfani a gare su, wato tunani.

Ke kuma Yaya, Allah Ya gafarta miki kurakuranki, Ya karɓi jinyarki a matsayin kankarar zunubi, Ya saka miki da alherin kowane bawan Allah da kika tsaya wa. Ya haɗa ki da mijinki a gidan rahama. Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi iyakar ganinki. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.